Rasuwar Alƙalin Minti Shida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda a yau ta fi ta majinyatanta nauyi, mai gashin ƙashi ta ɗakin masu ciwon zuciya tana sanar da abokan aiki rasuwar agogonta na auna lokaci, wanda majinyata suka laƙaba wa suna Alƙali. Ya rasu ranar Talata da hantsi a tafin hannunta, bayan shekara goma sha ɗaya yana rataye a wuyanta.

Aikin marigayin ɗaya ne. Duk wanda kumburin ƙafarsa ya saɓe, yake ƙwallafa rai a kan sallama, sai a fito da shi baranda ya yi ta kai da komo tsakanin kujeru biyu na minti shida, a ga iyakar abin da zuciyarsa za ta ɗauka. Ba a riƙe masa hannu, ba a tafiya kusa da shi. Ko ya jingina da bango yana haki, Alƙali ba ya jira. "Ƙit" yake cewa a farko, "tii-tii-tii" a ƙarshe, ba ya ƙara ko uffan. Ya sha zagi wajen tsofaffi, wata hajiya ma ta taɓa yi masa tayin cin hanci da lemo.

Tsafta ce ta yi ajalinsa. Bayan kowane majinyaci sai uwar ɗakinsa ta goge shi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, ashe ruwan yana tsiyaya cikinsa. Ya fara jan ƙafa, minti shidansa ya koma bakwai da rabi, ita kuwa ta yarda da shi fiye da agogon bango, ba ta taɓa gwada su ba.

A cikin wannan jinya aka kawo masa wani tsohon direba, wanda sau uku yana faɗuwa gwajin, kullum yana roƙon a bar shi ya koma gida. Karo na huɗu ya cika mita ɗari uku cif, adadin da ake buƙata don sallama, kafin ƙarar ta tashi. Har kuka ya yi. Ita ta rubuta sakamakon da hannunta, likita ya duba, ya sallame shi. Kwana tara bayan nan ya faɗi a matakalar gidansa, bai tashi ba. Sai da wani sabon likita ya gwada Alƙali da agogon wayarsa aka gane yana latti. Ta ɗauki Alƙali tana jijjigawa kamar mai tuhuma, fuskarsa ta ɗauke gaba ɗaya. Tun ranar ba ta iya bi ta barandar nan ba tare da ƙirjinta ya yi zafi ba.

Ya bar kujerun roba biyu, ɗaya da karyayyar ƙafa, da tef ɗin awo, da igiyarsa da ta yi baƙi da gumi.

Za a binne shi ranar Alhamis bayan zagayen likitoci, a aljihun tebur na ƙasa, kuma za a karɓi gaisuwa a ofishin ma'aikatan jinya. Matar direban ta aiko cewa ita ma ranar za ta shigo yin godiya, don an ba ta mijinta na kwana tara, ya ci abincinta, ya ga jikokinsa. Ana roƙon duk wanda ya haɗu da ita ya amsa gaisuwarta kawai. Har yanzu tana faɗa wa mutane cewa da ƙafarsa ya ci jarrabawa.