Ihun Bature a Bikin Sabi'u

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin abokina Sabi'u a Maigatari ba, kuma kafin in yi nisa gara in faɗi gaskiya: laifina ne daga farko har ƙarshe. Na daɗe ina ɗora wa waya, ina ɗora wa shaiɗan, har Baturen da ya yi ihun na ɗora wa. Ƙarya nake yi. Hassada ce ta ci ni.

Ina da ɗan shago kusa da tasha a Gumel, ina cajin waya, ina kuma tura wa mutane waƙoƙi a memori. Karatuna bai wuce sakandare ba (ita ma da ƙyar aka rabu lafiya), amma a harkar waƙa ni ake tambaya. In sabuwa ta fito, a shagona ake fara jin ta. 'Yan adaidaita sahu suka sa mini suna Sarkin Sauti, ni kuwa ina amsawa ba kunya.

Sabi'u tare muka tashi, layinmu ɗaya. Direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga Maigatari zuwa Damagaram, wani lokaci har Agadas. A wannan yawon ne ya kwaso son wani kiɗa wai shi rok. Duk sa'ad da ya dawo sai ya zauna a bencin ƙofar shagona (shagona fa, ba na wani ba), ya kunna wayarsa, jita tana kuka, samari su zagaye shi. Ga shi da iya labari. Ya ce kiɗan daga waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka ya samo tushe, jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka. Aka jona wa jita lantarki, samarin Ingila suka ɗauka suka haukace a kai, ya zagaya duniya a faifan garmaho, ya koma kaset, har Buzaye suka karɓe shi suka mai da shi nasu. Ya ce masu jin rok ba waƙa ɗaiɗai suke tsinta ba, albam, wato duk waƙoƙin faifai guda, suke ji gaba ɗaya, tun daga farko har ƙarshe.

Samari su ce, "Kai, Sabi'u, ka ga duniya!"

Ni kuwa ina ciki ina jona caja, ina jin su sarai. Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da wani ɗan adaidaita, tsohon mai zuwa wurina, ya leƙo ya ce, "Sarkin Sauti, kana da irin na Sabi'u?" Na ce babu. Ya ce, "Ashe sarautar ta koma gidansu." Aka yi dariya. Na yi yaƙe, amma ranar ko abincin rana ban ji daɗinsa ba.

Ana cikin haka aka sa ranar aurensa da Rakiya, 'yar Maigatari. Waliyyinta shi ne kawunta, Alhaji Mato, dillalin shanu, dattijon da ba a cika ganin haƙoransa ba. Tun farko bai so direba ba. Ya ce direba ba ya zaman gida, kuma Allah kaɗai ya san abin da suke kwasowa a hanya. Sabi'u ya daɗe yana zirga-zirga da durƙuso kafin Kawu ya sauko. Duk wannan na sani, don ni nake raka shi.

Ana saura 'yan kwanaki ya zo ya miƙo mini memori ya ce, "Kai ne mai sauti a bikina, wa zan ba in ba kai ba? Ga wannan, na Buzaye ne, mai sanyi. Dangin amarya na Damagaram za su zo, za su ji daɗinsa. Ka sa shi ƙasa-ƙasa lokacin cin abinci. Don Allah kar ka ƙara komai."

Na ce, "Haba, an gama."

Yana fita na jefa memorin a aljihu. Wato ni zan ɗauko sifika tun daga Gumel, ni zan sha rana, sannan a ce kiɗan Sabi'u ya yi daɗi? Na ce a raina yau zan nuna wa garin nan wanda ya san rok na ainihi, na Turawa, ba wanda aka tsinto a hanyar Agadas ba. Na sayi data, na bincika, na sauke wani albam da na ga duniya ta fi yabo. Hoton bangonsa ma wani ƙoƙon kai ne da wuta a idanu, amma hakan bai sa na yi tunani ba.

A nan sana'ata ta kashe ni. Mu masu tura waƙa ba ma jin waƙa har ƙarshe. Ka danna, ka ji farkonta yana fita tsaf, ka wuce ta gaba, don akwai mai jira. Haka na yi. Na danna ta farko, na ji jita a hankali, mai taushi kamar ana lallashin jariri. Na ce madalla, na kashe.

Ranar biki, bayan an ɗaura aure an yi azahar, maza suka zauna a rumfa ƙofar gidan Kawu, mata suna ciki. Aka fito da shinkafa da miya. Kawu yana tsakiya a kan darduma, limamin unguwa yana damansa, baƙin Damagaram da rawunansu suna hagu. A jikin katanga an ɗaure wani ƙaton rago da Kawu yake kiwo yana ji da shi.

Da na sa kiɗan na yi shiru, da abin ya zo da sauƙi. Ina! Sai da na ɗauki makirfo na yi sallama, na ce, "Jama'a, abin da za ku ji yanzu sunansa rok. Ni na yi bincike a kansa." Na kwashe labarin Sabi'u kaf na zuba musu kamar nawa, har ina haɗa Amurka da Ingila a gari ɗaya. Na hango shi yana mini alama da ido. Na kau da kai, na danna, na ƙure sauti.

Jita ta fara a hankali. Wani baƙo ya gyaɗa kai. Na ji kaina ya kumbura.

Sai ganguna suka faɗo kamar an juye tirelar duwatsu a kan rufin kwano. Kafin kowa ya gane abin da ke faruwa, wani ƙaton Bature ya kwarara ihu daga cikin sifika, irin ihun wanda ake cire wa haƙori ba allura. Liman ya saki lomarsa ya kama a'uziyya da ƙarfi. Daga cikin gida wata tsohuwa ta fito ba mayafi tana cewa, "Wa ya faɗi? Aljanun wa suka tashi? A kira Malam!" Ragon Kawu ya tsinke igiya, ya bi ta tsakiyar rumfa, ya taka faranti, ya tunkuyi tukunyar miya, ta kife a kan babbar rigar wani baƙo. Ni kuma duk inda na danna sai abin ya ƙara haukacewa. Sai da wani mai hankali ya ruga ya kashe janareta.

Wuri ya yi tsit, sai kukan rago daga nesa.

Kawu ya dubi ango ya ce, "Sabi'u, wannan ne abin da kake ji a hanya?"

Na jira Sabi'u ya nuna ni. Kalma ɗaya ta ishe shi. Sai na ji ya ce, "Kawu, a yi haƙuri. Ni na ba shi aikin, laifina ne." Ni kuwa, Sarkin Sauti, na sunkuyar da kai ina naɗe wayar sifika kamar ba ni a wurin.

Bayan biki abin bai wuce ba. Kawu ya koma amsa gaisuwar Sabi'u da "lafiya" ɗaya tak. Ya hana ƙannen Rakiya zuwa gidanta, wai kar a koya musu kiɗan aljanu. Na ji an ce amarya ta sha kuka. Sabi'u kuwa ya daina zama a bencina. Samari suka dawo wurina, sarauta ta dawo, na rasa abin da zan yi da ita. A nan na gane cewa mai hassada in ya ci nasara, ko an cika masa shago, shi kaɗai yake zama a benci yana korar ƙuda.

Makonni na yi ina juya abin. Wata ranar kasuwar Maigatari na rufe shago, na kira Sabi'u na roƙe shi ya same ni a kara, inda ake cinikin shanu. Muka tarar da Kawu a tsaye da sandarsa a cikin dillalai. Na durƙusa a nan cikin kashin shanu, na faɗi komai: memorin da aka ba ni, yadda na ɓoye shi, da abin da ya sa.

Kawu ya dube ni ya ce, "Wato kai ne mai aljanin?"

Na ce, "Ni ne, Kawu. Surukinka kiɗa mai sanyi ya ba ni, ya ma roƙe ni kar in ƙara komai. In akwai wanda za a guje wa, ni ne."

Na juya wurin Sabi'u, ban tashi daga durƙuson ba. Na ce, "Sabi'u, baƙin ciki na yi da kai, don ka san abin da ban sani ba. Na ɓata maka rana, ka rufa mini asiri, na bar ka da kunyar. Ba ni da hujja ko ɗaya. Don Allah ka yafe mini."