Saude da Keken Marigayi

"...gajiya ta bi lafiya, baiwata. Ina kika sato keken maza?"

Gado ne, ɗan kabu-kabu, ya tsaya a rumfar da nake faci kusa da tashar Kaura. Saude taubashiyarsa ce, shara take yi a wani asibiti a bayan gari. Tun da aka hana ɗaukar mata a mashin ɗin kabu-kabu take makara, motar mata kuwa ba ta cika da wuri. An ce mata in ta ƙara makara ta zauna gida. Yau ta ɗauko keken mijinta marigayi, taya ta sace. Tana tsaye a kaina, sai duban rana take yi.

"Bawa ba ya tambayar uwargijiyarsa," in ji ta. "Malam, yi sauri."

Gado ya ce, "Garin nan kaf maganarki ake yi. Wai Adda mai tallan nono ta gan ki ta saki ƙwaryarta."

"Kai da ka shiga kasuwar Shinkafi bisa jaki kana fuskantar wutsiya, mi aka ce?"

"An ce Gado gwani."

"To. Kai ka yi hauka da rana tsaka, aka saya maka rake. Ni na hau keke da hijabi har ƙasa zan nemo abincin ɗiyana, tun daga ƙofar gida ake salati kamar an ga gawa."

"Ai tuƙin naki ne. Kajin unguwa duk sun yi hijira Zurmi."

"Wanda ya faɗa kwata da buhun barkono zai koya mini tuƙi? Sai ka ɗauke ni a mashin ɗin naka, jarumi."

"A ƙwace mini shi? Ke da nauyinki, sai jirgin ƙasa."

"To rufe baki."

Na ɗaura taya na ba ta iska. Ta kama keken, amma ba ta hau ba. Samari sun cika bakin tasha, sun zuba mata ido, wani har ya fara fito.

Gado ya dube su, ya buga mashin, yana dariya.

"Hau, uwargijiya. Ina bayanki har ƙofar asibiti. Mai magana ya yi da ni."

"Fasinjojinka fa?"

"Su taka da ƙafa."

Ta tattare hijabi ta hau.

"Bawa dai baya yake bi. Kada ka kuskura ka wuce ni."