Injin Matsar Mai na Malam Nomau

Kafin in shiga labari, ina roƙon masu karatu su yi mini uzuri. Sai da furfura ta fara leƙowa na shiga ajin yaƙi da jahilci, har yau kuwa alƙalami ya fi mini fartanya nauyi. Inda baƙi ya karkace, ko wata kalma ta zauna a mazaunin da ba nata ba, wanda ya fi ni sani ya gyara, ba zan ji haushi ba. Tsorona ɗaya, kada rashin iyawata ya ɓata labarin, domin shi kansa ba shi da aibu.

A garinmu akwai wani mutum, Malam Nomau, irin mutanen nan da in ƙuda ya faɗa musu a fura sai sun tsotse shi kafin su yar. Matarsa Kuluwa sana'ar ƙuli-ƙuli take yi. Al'adar unguwar kuwa, ranar matsa matan maƙwabta sukan taru a gidan, su zuba markaɗen gyaɗa a turmi, su yi ta juyi da muciya suna yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Ladansu bai wuce ɗan ƙuli a gefen zane da ɗan mai a gindin kwalba ba. To, wannan ɗan abin shi ne ya daɗe yana ci wa Malam Nomau tuwo a ƙwarya. Wadda ta fi sosa masa rai ita ce shugabar matan, Tabawa, 'yar kawunsa kuma taubashiyarsa, wadda ba ta fita sai ta ɗaga kwalbarta a gabansa ta ce bawa ya biya uwargijiyarsa.

Ran nan ya sayar da bijiminsa, ya tafi birni ya sayo injin matsar mai irin wanda ake tuƙawa da hannu. Ya tara matan a tsakar gida, ya rantse a gabansu cewa daga ranar ko ɓarɓashin ƙuli ba zai ƙara fita gidansa da sunan lada ba, domin ya samo ma'aikacin da ba ya ci, ba ya sha, ba ya gulma.

Bakaniken da ya biyo injin ya ɗaure shi da kusoshi a kan dakalin siminti, ya haɗa tiyo daga famfon injin zuwa sandar ƙarfen da ke sauka ta danne gyaɗa a cikin wata tukunya mai huji-huji. Daga nan ya buɗe wani ɗan murfi a jikin famfon, ya bayyana cewa nan ake cika man inji, irin nasa na musamman, domin man ne ke tura sandar idan an tuƙa hannun famfon. In babu shi, iska kawai za a yi ta bugu.

Malam Nomau ya dube shi sheƙeƙe.

"Tsaya, ɗan samari. Injin da na sayo don ya ba ni mai, shi ne kuma zan fara ba mai?"

Bakanike ya yi bayani, ya sake, har ya haɗa da Allah da Annabi. Malam Nomau kuwa ya riga ya ƙudurta a ransa cewa bakinsu ɗaya da mai sayar da man. Ya ce ya ji, ya gode, a sauka lafiya. Mutumin ya tattara sifanunsa ya kama hanya yana girgiza kai.

Washegari da hantsi Kuluwa ta cika tukunyar da gyaɗa mai ɗumi, ta ajiye kwano a ƙarƙashi. Matan unguwa suka shigo, wai sun zo taya murna, suka jeru a inuwar rumbu, kowace ta naɗe hannu. Malam Nomau ya tuɓe babbar riga, ya yi bisimilla, ya kama hannun famfo. Ya ji shi sakayau kamar kara. Ya juyo yana murmushi, ya ce su gani, aikin da suke yi suna nishi ga shi yana yinsa da hannu ɗaya.

Ya tuƙa, ya tuƙa. Sanda ko motsi. Ya sa hannu biyu. Rana ta ɗaga, inuwar da yake ciki ta gudu ta bar shi. Kuluwa ta matso ta raɗa masa cewa gyaɗar tana hucewa, ko a aika a sayo man nan, ko kuwa a bar su Tabawa su ɗauko turmi tun ba a yi asara ba. Ya galla mata harara. Ya san in ya saki ƙarfen nan a gaban waɗannan mata, har jikokinsa sai an yi musu gori da shi a bakin rijiya.

Aka kira azahar yana nan. Taguwarsa ta manne masa a baya, jijiyoyin wuya sun miƙe, gumi na bin gemunsa yana sauka ƙasa, ɗis, ɗis. Idonsa ya rufe, ba ya ma iya sunkuyawa ya duba kwanon. Cikin haki ya ce, "Kuluwa, leƙa mini. Ya fara zuba?"

Kuluwa ta sunkuyar da kai. Sai Tabawa ta miƙe a hankali, ta gyara ɗaurin zane, ta janyo busasshen kwanon daga ƙarƙashin tukunya, ta tura shi da ƙafa daidai saitin gemunsa.

"Ke Tabawa, mene ne haka? Mayar da shi inda mai zai zubo."

"Ai nan ne yake zubowa, bawana. Injin nan lafiyarsa ƙalau, kada ka tsaya. Tun muna yara nake tare da kai, ban taɓa ganin abin da ya matsi ko ɗigo daga jikinka ba sai shi."