Yadda Sunanka Zai Hau Allon Taimakon Unguwa Ba Tare da Ka Yi Gumi Ba

Kafin kowa ya san Mai Bulo zai zama wani abu, ni na gani. Ɗan ƙanina ne. Tun yana buga bulo da hannu a kangon bayan gidana na ce wannan zai yi suna. Yau injinsa uku, ga tifa, kuma unguwa ta ɗauke shi uban taimako. Ni na koya masa.

Ban taɓa shiga aji ba. Shekara arba'in ina tura baro, kuma duk waɗanda suka yi mini dariya na raka su makabarta da ƙafata. Mai shagon buga takardu ke rubuta wannan, ni ke faɗa, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana. Ka bi matakan nan, sunanka sai ya hau allo. Ni ma abin da na nema ke nan: a rubuta sunana a wani wuri da ba katin asibiti ba, kafin a ɗauke ni.

1. Zaɓi matsalar da ake gani daga titi

Kada ka taimaki na cikin lungu. Wa zai gani? Mai Bulo ya so ya fara da rufin makaranta. Na ce, "Ɗana, wa ke tafiya yana kallon sama?"

Ya ce, "Baffa, yara na jiƙewa."

Na ce, "Yara bushewa suke yi."

Muka zaɓi kwalbatin bakin layinmu, wanda duk damina sai ya haɗiye tayar babur. Rufin kuma ya je ya gyara a ɓoye, ba hoto, ba kowa. Asara.

2. Riƙe shebur, amma kada ka yi aiki da shi

Sa fararen kaya. Kama shebur a wuya, ɗora ƙafa ɗaya a kai, ka kalli nesa kamar mai tunanin talakawa. Nan yaron ya ba ni kunya: ya tuɓe riga ya faɗa kwata tare da leburori. Mai hoto ya zo yana cigiyar mai aikin, ya wuce shi sau biyu bai gane shi ba. Dole ni na riƙe shebur ɗin a madadinsa. Zumunci ke nan.

3. Allo ya fi aikin girma

Kada ka yi na ƙarfe, masu sayen tsohon ƙarfe ba sa barci. Yi na siminti, mai kauri, wanda ƙarti huɗu za su yi nishi kafin su ɗaga.

Mai Bulo ya ce, "Baffa, ba sai an sa allo ba."

Kwana uku ban ci abincin gidansa ba. A na huɗu ya turo magini. Magini ya rubuta sunan Mai Bulo a sama da ƙusa tun siminti na ɗanye, nawa a ƙasa. Ba na karatu, amma na bi da yatsa. Layina ya fi nasa tsawo.

4. Kafa shi inda mai hoto yake so, ba inda magini ya ce ba

Na nuna bakin kwalbatin daidai. Magini ya ce, "Baba, gindinsa zai tare rabin hanyar ruwa."

Na ce, "Ruwan ba shi da ido ne? Ya kewaya."

Ka lura, magini siminti kawai ya sani. Bai san duniya ba.

5. Idan ruwa ya sauko, kada ka nuna ka san allon

Saura kwana biyu a buɗe aikin, da la'asar, sama ta ɓalle. Ruwa ya taho ya iske allo, bai kewaya ba. Ya juya ya nemi gidan da ya fi kowanne gangare a layin. Nawa ne.

Na shiga na tarar da tsohuwata, uwargidana, a tsaye bisa gado, rediyona a hammata, tukwane na yawo a tsakar ɗaki. Ta ce, "Malam, ga baƙonka da ka ce ya kewaya. Ya ce sai ya gaishe ka."

Sai ga Mai Bulo da guduma, ruwa har cinya. Ya ce, "Baffa, allo ko ɗaki?"

Na dubi ɗakin, na leƙa wajen allon.

Tsohuwar ta ce, "Au, tunani ma kake yi?"

Na ce, "Fara dukan daga sama, wajen sunanka."

Ya koma bakin kwalbati ya yi ta maka. Duka na bakwai allon ya kife, ruwa ya wuce da ruri. Duk layin na tsaye a ƙofofinsu suna kallon mutum yana farfasa sunansa da hannunsa. Daga ranar ake ce masa uban unguwa. Kana jin wannan haɗari ne? Tsari ne. Ban dai gaya wa kowa ba tun farko, har da kaina.

6. Kwashe abin da ya rage

Sunansa ya zama tsakuwa. Nawa ko kwarzane babu. Ya sa leburori suka shimfiɗa ɓangaren a kan kwatar ƙofar gidana, ya ce, "Baffa, ga allonka, nan ba zai tare komai ba."

Tsohuwar ta ce yanzu kowa taka ni yake yi. Na ce ta ƙirga mini wani mai suna a garin nan da ake ziyarta haka: mai ruwa, mai gawayi, masu zuwa gaisuwa, har awaki. Wanda zai shiga gidana sai ya sunkuyar da kai ya dubi sunana, in ba haka ba ya faɗa kwata.

Gargaɗi

Idan ka bi wannan shawara katifarka ta sha ruwa, ko matarka ta daina zuba maka nama, ba ruwana, ban san ka ba. Ni ma katifata har yau tana kan katanga. Wanda kuma yake ganin ƙarya nake yi, ya zo. Zanen ruwan na nan a bangon ɗakina, daidai ƙuguna. In ya gama aunawa, ya fito ya ɗaga sunana shi kaɗai in gani.