Ledata Mai Hoton Jirgi

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗiyata ta fari ba, ranar da na so ƙasa ta tsage in shige, ita kuwa ƙasar Bande ta ƙi tsagewa.

A lokacin ina yaron mota a wani kamiyo da ke ɗaukar gyaɗa daga Magariya zuwa Kano, kafin babban farin nan ya zo ya kashe kasuwar. Lakwal, wato makarantar boko, 'yan shekaru na yi na gudu, amma a unguwarmu ni ne wayayye, tunda na ga gidan bene, na kuma sha shayi da burodi a tashar Kano. A ɗaya daga tafiye-tafiyen nan na sayi takalmi a wani kanti, mai kantin ya sa mini shi cikin leda. Yaran yanzu za su yi dariya, amma a wancan zamani leda ba abar yarwa ba ce. Nama a takardar siminti ake naɗe shi, gishiri a ƙulle a tsumma, gero a ƙwarya. Wannan kuwa fara ce ƙal, mai kauri, da hannuwa biyu, ga hoton jirgin sama shuɗi a jikinta.

Takalmin bai daɗe ba ya tsinke. Ledar kuwa na riƙe ta kamar gadon uba. Ranar kasuwa nakan rataya ta a hannu in zaga rumfuna (yawanci ba komai a ciki sai ƙuli-ƙulin dala, amma nakan hura mata iska ta kumbura). In ta yi datti in wanke ta da sabulu in shanya a danga. Matata Rabi ta taɓa roƙona aro ta sa zanenta zuwa biki, na ce mata kayan Kano ba a wasa da su. Ta dube ni ta yi murmushi, ta ƙulle zanenta a ɗankwali ta tafi.

Rabi na da cikin fari a lokacin. Tun cikin yana ƙarami na sayi rago na ɗaure a turke a gindin danga saboda suna. Ita ke ba shi dusa da harawa, har ya san takun ƙafarta.

Da ciki ya tsufa, gwaggonta ta zo ɗaukar ta zuwa gidan iyayenta a Bande, ta haihu can, yadda ake yi a haihuwar fari. Ran nan na dawo daga tafiya, na ɗaga katifa inda nake ajiye leda, babu ita. Na duba akwati, na leƙa ƙarƙashin gado, babu. Ga Rabi ta gama haɗa kaya, amalanke na jira a ƙofar gida.

"Rabi, ina ledata?"

"Wallahi ban gan ta ba."

"Ƙafa gare ta?"

Gwaggon ta ce, "Kai ɗan nan, mace da tsohon ciki kake tsarewa a rana a kan wata leda?"

Da na yi shiru a nan, da na tsira. Sai na sa hannu na kwance ƙullin kayanta a tsakar gida, a gaban gwaggo, a gaban maƙwabtan da suka zo rakiya. Na zazzage zannuwa. 'Yan rigunan da ta yi ta ɗinka wa jariri da hannunta suka zube a ƙasa. Ba leda. Rabi ta durƙusa da ƙyar, da cikin nan, tana tsince su ɗaya bayan ɗaya tana kaɗe ƙasa. Ni kuma don kada a ga na sha kaye, sai na ƙara da cewa, "To, an riga an aika da ita gaba ke nan."

Wannan magana ta riga amalanken isa Bande. Aka ce mijin Rabi ya kira ta ɓarauniya, ya haɗa da danginta. Surukina mutum ne mai shanu da gona, ba mai yawan magana ba, bai aiko da komai ba. Gwaggo ce ta aiko cewa yarinya za ta yi wankan jego a gida, bayan arba'in kuma sai abin da Allah ya yi. Kowa ya san abin da ake nufi. Ni ma na sani, amma a bakin kasuwa sai in ɗaga kafaɗa in ce, "Su fito da leda, magana ta ƙare." In na koma gida kuwa ba mai yi mini sannu da zuwa sai rago. Shi ma ya fara ramewa, ya rage cin harawa. Na ce kewar Rabi yake yi (na ɗora wa rago abin da na kasa faɗa a kaina).

Rabi ta sauka lafiya, ta sami mace. Ranar suna muka ɗora rago a amalanke, ni da abokaina, muka nufi Bande. Liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, aka raba goro, aka yanka rago. Uban ɗan fari kunya ake so ya ji, ya ɓuya a bayan abokai. Ni kuwa na je na tsaya a kan mahauci yana fiɗa a gindin tsamiya, don a san wanda ya kawo rago.

Kakar Rabi, wata tsohuwa mai baki da ke kira na mijinta saboda wasan kaka da jika, ta zo da ƙwarya karɓar kayan ciki.

"Mijina, wannan rago ne ko tsani? Ina ta ƙirga haƙarƙari tun daga zaure."

"Ke dai ki ci, tsohuwa. Da wane haƙori ma?"

Mahauci ya farke tumbi zai zubar da abin da ke ciki, sai ya dakata. "A'a. Wannan kuma fa?" Ya jawo wani abu dogo, murɗaɗɗe kamar igiya, kore-kore. Wani ya ce sammu ne, mutane suka ja da baya ana a'uzubillahi. Mahauci ya ce a miƙo buta. Aka zuba ruwa, yana warwarewa da yatsa. Fari ya fito. Sai ga fiffike. Sai ga hancin jirgi, shuɗi, yana kallona.

A nan take na tuna. Safiyar da zan yi waccan tafiyar na wanke ledar na shanya ta a danga, daidai saman turke, direba ya aiko a kira ni da gaggawa, na fita a guje. Ashe ƙanshin ƙuli-ƙuli bai gama fita ba.

Kaka ta ɗaga ledar da yatsu biyu, ta rangaɗa guɗa. "Jama'a, an yanka ɓarawo! Ashe ɗan gidansu ne! Mijina, a wanke maka, ko a soya maka da hanji?"

Wurin ya kaure da dariya, abokaina sun fi kowa, ɗaya har da faɗuwa a kan tabarmar liman. Surukina kaɗai bai yi dariya ba. Yana zaune a kan buzu, ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha. Wannan ya fi dariyar zafi.

Na fara lissafin yadda zan sulale ta bayan gona in koma Magariya da ƙafa, sai kaka ta kama hannun rigata. Wannan karon ba wasa a muryarta. "Ba mu ka yi wa ba. Wuce ciki."

Namiji ba ya kutsawa cikin mata ranar suna, amma haka ta ja ni ta tsakiyarsu, suna rufe baki da gefen zane. Na tsuguna a ƙofar ɗaki, asabari a tsakaninmu.

"Rabi."

Na ƙara matsawa kusa da asabarin.

"Rabi, an ga ledar."

"Na ji. An ce jirgin ya sauka lafiya."

Muryarta na rawa, ban gane ba ko dariya ce ko kuka.

"Ki yafe mini, don Allah."

Ta ce, "Ni ba kiran ɓarauniya ya fi yi mini ciwo ba. Kayan yarinyar nan da ka zubar a ƙasa tun ba ta zo duniya ba."

Hawaye suka zubo mini, namiji da gemu (to, gemun dai bai gama fitowa ba). Sai gefen asabari ya ɗan ɗaga, na ga wata 'yar ƙafa kamar yatsana, da bakin riga mai ɗinkin hannu.

Rabi ta ce, "Ga ta nan. Ita za ka roƙa."

Haka na durƙusa ina ba ƙafar jaririya haƙuri, da cikakkiyar murya, mata na leƙe ta kan danga. Ƙafar ta ɗan motsa. Kaka ta ce an amsa.

Bayan arba'in Rabi ta dawo ɗakinta. Mun zauna har Allah ya karɓi abarsa, ba ta taɓa yi mini gori ba. Sai dai in wani abu ya ɓace a gida, na fara ɗaga murya ina hararar yara, takan ce a hankali, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, an duba turke?"

Yau leda ta cika gari. Tana lilo a kan ƙaya, tana toshe magudanar ruwa, mahauta kuma sun daina mamakin abin da suke gani a tumbi. Ana ta muhawara a rediyo a hana ta ko a bar ta, mai ƙosai na cewa da me za ta ƙulla wa mutane. In an tambaye ni nakan ce a hana, mun rayu da ƙwarya ba mu mutu ba. Amma ba na cika kumfar baki a kai, domin ledar da ta kusa kashe mini aure ba ta yi laifin komai ba, ita haɗiye ta aka yi. Abin da ya yi ɓarnar daga bakina ya fito, shi kuwa ba gwamnatin da za ta iya hana shi. Dole na koyi rufe abina da kaina.