Awon Zafi a Moshi Zongo

Wani ne a unguwar Moshi Zongo ta Tamale yake da siton magani, inda masu kemis ke zuwa sari. Mutumin kirki ne wallahi, ko allurar wani ba ya ci. Matsalarsa ɗaya: in ka nuna masa hanya, sai ya ce ai shi ya share ta.

Ran nan sai ga wata jami'a daga hukumar magunguna. Ta zaga sito, ta dubi iyakwandishan ɗaya tilo da ke nishi a bango, ta ce, "Alhaji, ina awon zafin ɗakin nan?"

Ya ce, "Awon me?"

"Awon zafi. Sai an san lungun da ya fi zafi da wanda ya fi sanyi, sama da ƙasa, don kada magani ya lalace. Ko ka auna da kanka, in kana da kayan aiki, ko ka kira kamfani. In na dawo babu, kwaɗo zan sa wa ƙofar nan."

Tana fita ya dubi amininsa Abdulfatawu, mai shagon taya a maƙwabta, ya ce, "Ka ji fa! Zafin Tamale, da aka haife ni a cikinsa, shi ne sai wani ya zo ya gaya mini inda yake?"

Abdulfatawu ya ce, "Kira kamfani ka huta."

"Allah ya kiyaye. Aikin gida a gida ake yin sa."

Gogan naka ya garzaya gida. Matarsa Mashudatu man kaɗanya take sayarwa. Ya sunkuci ƙwarya guda, tana "Ina za ka kai mini?" yana "Aikin hukuma ne!" Ya zo ya cura shi dunƙule-dunƙule, ya bi sito yana ajiyewa: kan kanta, ƙarƙashin kanta, bakin ƙofa, har saman katan-katan da ke dab da kwanon rufi. Ya ce inda ya narke, nan ne zafi. Inda ya daskare, nan ne sanyi. Ina abin wahala a nan?

Rana ta take. Na sama ya narke, ya bi katan yana tsiyaya, maganin tari ya sha mai, na ciwon kai ya sha mai. Na bakin ƙofa kuwa, matan da ke sauke kaya suka gani, suka ce kai, Alhaji akwai tausayi, kowa ta lakata ta shafe kaushinta. Ko ɗigo ba su bari ba.

Da ya dawo daga azahar ya tsaya a ƙofa, ya riƙe baki.

"La ilaha illallahu! Abdulfatawu, zo ka gani! Na sama narkewa kawai ya yi. Na ƙofa kuwa har ya ƙafe! Ashe duk wutar a bakin ƙofa take!"

Nan take ya kwaso fanka uku ya jera su suna hura ƙofa, masu wucewa a titi suna sa masa albarka. Ya juya zai shiga ciki ya duba sauran, santsi ya kwashe shi, sai ga Alhaji tim a ƙasa, hula ta yi gabas, carbi ya yi yamma.

Yana kwance ya ce, "Abdulfatawu."

"Na'am."

"Kamfanin nan... kana da lambarsu?"

Aka kira kamfani. Suka turo wani ma'aikacinsu, Wumpini, da jaka cike da 'yan na'urori kamar akwatin ashana. Ya bi lungu-lungu yana rataya su, wasu can sama, wasu a ƙasa. Da zai tafi ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Alhaji, wannan abu shi na da tsada, ba namu ba ne ma, aro ne. Ka lura da shi. Sati mai zuwa ni da Madam ta hukuma za mu zo mu karanta."

Ai kuwa ya taɓo wa mutumin inda yake masa ƙaiƙayi. Ya dafa ƙirji ya ce, "Amana ce. Je ka abinka."

Washegari da rana ya taka tsani ya taɓa wadda ke kusa da kwano. Zafi rau!

"Subhanallahi! Kayan mutane! Kayan aro! Yaron nan ba shi da hankali ne, ya rataye abu mai tsada a cikin wuta?"

Ya sauko da ita yana hura mata iska. Ya taɓa ta biyu, ita ma da ɗumi. Tausayi ya kama shi, har idonsa ya kawo ruwa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tsince, ya aro kular da Mashudatu ke sa sobolo, wato zoɓo, ya zuba ƙanƙara, ya naɗe su a tawul ya kwantar. Kullum sai ya sake ƙanƙara. In aka ɗauke wuta, magani na ciki yana gumi, shi yana waje yana yi wa kula fifita.

Abdulfatawu ya leƙo ya ce, "Anya haka aka ce ka yi?"

"Kai dai taya ka sani. Ka taɓa riƙon amana?"

Ranar da za su zo, ya mayar da kowace inda ya ɗauke ta, har da goge su da hannun riga. Wumpini ya sauke su, ya jona a kwamfuta, Madam na tsaye a kansa. Ya duba. Ya goge ido ya sake dubawa.

"Madam, wannan sito... sama da ƙasa duk sanyi ɗaya ne. Har ƙarƙashin kwano ya kusa ƙanƙara."

Madam ta ɗaga kai ta dubi kwano, gumi na bin wuyanta. Ta ce, "Alhaji, a ɗakin nan na'urorin suka zauna?"

Ya washe baki. "Haba Madam, ni zan bar kayan aro a wannan zafi? Ko kare ba ya zama a nan da rana!" Ya jawo kula ya buɗe. "Ga masaukinsu. Tambayi yaron, ko ɗaya ta yi ƙorafi?"

Wumpini ya zauna a kan katan ya dafe kai. Madam ta buɗe jaka, ta zaro kwaɗo.

"Alhaji, ba sito aka auna ba, kula aka auna. A duk wurin nan, abin da awo ya nuna ya dace a ajiye magani a ciki, kular nan ce kaɗai."

Ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe mun ci! To mayar da kwaɗonki, Madam. Ki ba kula lasisi, siton kuwa mu ce rumfarta ce."