Ranar da Dokata ta Cinye Kujerata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kashe kwamitina da hannuna, a wani gidan abinci da ke titin Liuhua Lu.

Ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa a Guangzhou kwamitoci sun yi mata yawa, kowa shugaba ne. Ni kuma na karanta a waya cewa wasu ƙasashe suna yanka wa hukumomi wa'adi: in ya cika, ko hukuma ta zo majalisa ta nuna amfaninta, ko ta mutu. Sai na kawo shawarar mu ma mu yi haka duk shekara, na rubuta dokar da kaina. (Gaskiya kwamitin sasanci na Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi, nake hari. Ya taɓa ba ni rashin gaskiya.) Ko a mafarki ban kawo cewa ni ma shugaban kwamitin tarbar baƙi ne ba, har da kati da rubutun Sinanci.

Shekara ta cika, aka zauna. Alhaji Mamman ya lissafo rigimar da ya kashe a kasuwar Shahe ɗaya bayan ɗaya, aka sabunta masa. Sai sakatare ya kira sunana.

Aka ce ina 'yan kwamiti. Na ambaci mutum uku. Ɗaya ya koma Kano tun bara, ɗaya bai zo ba, na ukun yana gefena yana shan shayi, ya ce shi yau ya fara jin yana ciki. Aka tambayi baƙi nawa muka tarba lokacin baje kolin Pazhou. Na ce ɗaya.

"Wane ne, ranka ya daɗe?" in ji Alhaji Mamman a hankali.

Ƙanin matata ne.

Da aka zo ƙuri'a, hannu ɗaya ne ya tashi, nawa. Sakatare ya gyara tabarau, ya ce, "Yi haƙuri Alhaji, sakin layi na uku ya hana shugaba zaɓen kwamitinsa. Kai ka rubuta." Na sauke hannun na sosa ƙeya, kamar dama abin da ya ɗaga shi ke nan.

Dokar tana aiki, ni shaida ne. Sai dai yanzu kafin in tashi gyaran jama'a, nakan fara tambaya ko ina cikinsu.